Fitila Kafin Mutum: Hikimar Mai Yasar Rijiya

Idan bazara ta kankama a Yako, Kiru da Bebeji, rijiyoyi suka ja baya, mai yasa ake nema. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, tana nan kusa, amma har yau gidaje da yawa da guga suke samun ruwa.

Gwani ba ya shiga rijiya daga zuwansa. Murfi yake fara buɗewa, ya bar ta ta sha iska. Sai ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura mata igiya, ya riƙa zura ta sannu a hankali, idonsa a kan harshen wutar. In ta kai ƙasa tana ci, akwai abin shaƙa. In ta dusashe ko ta mutu, gurɓatacciyar iska ta taru. Masana na kiranta kabon dayokside. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka take kwanciya a gindin rijiya, ta ture oksijin, sinadarin da numfashi da wuta duk suke bukata.

Masu kallo a gindin bishiya kan ce ɓata lokaci yake yi. Shi kuwa ko uffan. Rassan darbejiya zai ɗaure dami guda, ya yi ta zurawa yana janyewa har iskar ƙasa ta motsa, ta sama ta maye gurbinta, sannan ya sake aika fitila. Sai wuta ta tsaya kyam zai ɗaura igiya a jikinsa, ya damƙa bakinta ga abokin aikin da ba zai gusa ba, bayan sun daidaita abin da kowace fizga ke nufi. Injin jan ruwa kuwa a waje yake barinsa, nesa da baki, domin hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari wadda fitila ba ta tona asirinta.

Haka masu nutso a teku suke yi da tukunyar iskar da suke goyawa, mai na'urar shaƙa irin wadda Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943. Kafin su taɓa ruwa sukan buɗe makunnin, su ja numfashi suna duban allurar awo. In tana faɗuwa tana tashi, makunnin bai buɗu sosai ba, babu shiga sai an gyara. In matsala ta taso a ƙasa, mutum ya yi wa abokinsa alama, ya karɓi bututun ko-ta-kwana, su hauro tare a hankali.

Jama'a, in wani ya suma a rijiya, kada a bi shi da gaggawa, domin abin da ya kayar da shi yana nan. A kira 'yan kwana-kwana, a ci gaba da tura iska ciki kafin su iso.