Bishiyar Salsala Ta Haɗin Gwiwa: Martani Ga Masu Kushe

Tsofaffin masu binciken asali a Turai da Amurka sun daɗe suna yi wa bishiyar salsala ta intanet kallon hadarin kaji. Hujjarsu ita ce duk mai kwamfuta yana iya shiga ya taɓa kakan wani, ga kuma masu liƙa kansu da sarakunan dā ba tare da shaida ba. Ana samun haka, babu musu. Amma wanda ya tsaya nan bai san yadda aikin yake gudana ba.

Tarihin bai da tsawo. Geni ta fito a 2007, Chris Whitten ya kafa WikiTree a 2008, FamilySearch ta cocin Mormon da ke Utah kuma ta buɗe bishiyarta ga kowa a 2013. Ƙa'idarsu guda ce: kowane ɗan Adam shafi ɗaya gare shi, komai yawan jikokin da suka shigar da shi. Daga bayanan Geni ne Yaniv Erlich da abokan aikinsa suka fitar da bishiya mai mutum miliyan 13, suka wallafa a mujallar Science a 2018.

Gwanintar tana wajen haɗe shafi biyu. Mutum biyu da ba su san juna ba kowa ya shigar da kakansa, sai na'ura ta hango kama. A WikiTree ɗaya zai gabatar da buƙatar haɗewa, a jera shafukan gefe da gefe: suna, iyaye, mata, gari, ranar haihuwa da ta rasuwa. Mai kula da ɗaya shafin yana da kwana 30 ya amince ko ya ƙi, ko a jingine maganar har shaida ta samu.

Dubi gidan Van Gogh a Zundert ta ƙasar Holan. Ranar 30 ga Maris 1852 aka haifi yaro ba rai, aka sa masa suna Vincent. Ranar 30 ga Maris 1853 aka haifi ƙanensa, shahararren mai zanen nan, shi ma Vincent. Suna ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, gari ɗaya, rana da wata duk ɗaya. Mai gaggawa zai ɗauka kuskuren shekara ne, ya haɗe su, ya shafe mutum guda daga zuriyar. Mai natsuwa zai nemi rajistar haihuwa, ya duba dutsen kabarin na farkon, ya ƙi haɗewar, ya rubuta dalili domin na baya. Malaman hadisi sun san wannan wahala tun tuni, har Khaɗib al-Bagdadi ya yi littafi sukutum don rarrabe maruwaita masu suna iri ɗaya.

Masu kushe sun fi son kowa ya riƙe bishiyarsa shi kaɗai. To, a can ne kuskure yake samun wurin kwana, a yi ta kwafarsa daga gida zuwa gida babu mai tankawa. A bishiyar haɗin gwiwa kuwa, duk gyara yana ɗauke da sunan wanda ya yi shi da ranar da ya yi, ɗan'uwan nesa kuma yana iya zuwa da takarda ya ƙaryata ka. A ganina wannan gardamar ce ta ba tsarin daraja. Saboda haka mai son auna ingancin bishiya ya bar ƙirga rassa, ya duba sau nawa aka ƙi haɗe suna biyu, da hujjar da aka bayar.