Zotero: Manhajar da Ba Ruwanta da Irin Kwamfutarka

Wallahi ban taɓa ƙaunar wata manhaja kamar yadda nake ƙaunar Zotero, mai adana takardun bincike da tsara madogara, ba, kuma duk ɗalibin digiri na biyu ko na uku da bai san ta ba, ina tausaya masa har cikin raina.

Dubi yadda ake aiki a sashe ɗaya na jami'a. Malamin da ke duba aikinka Mac ce a hannunsa. Kai kana lallaɓa tsohuwar HP mai Windows. Abokinka ya rantse ba ya taɓa komai sai Linux, wata 'yar ajinku kuwa wayarta ce ofishinta. A da, kafin takardun mutum huɗun nan su haɗu wuri guda sai an yi ta yawo da filasha, ana kwaso bairos, ana rigima kan wane kwafi ne na ƙarshe. Zotero ta kashe wannan wahala murus! Ku buɗe rukuni ɗaya a cikinta, kowa ya zuba abin da ya samo, nan take ya bayyana a na'urar kowa. Malam ya ja layi mai ruwan ɗorawa a shafi na 12 na wata maƙala a kan Mac ɗinsa, ya rubuta "karanta nan da kyau", kai kuma ka buɗe wayarka cikin A-daidaita-sahu ka tarar da layin da rubutun suna jiranka. Akwai ta a iPhone, akwai ta a Android.

Ba abin mamaki ba ne da ta san ciwon mai bincike haka, domin a gidan masana tarihi aka haife ta. Wata cibiyar nazarin tarihi ta Jami'ar George Mason da ke Amurka ce ta fito da ita a 2006, tana maƙale cikin burauzar Firefox, kafin daga baya ta tsaya da ƙafarta. Yau wata ƙungiya da ba ta neman riba ce ke kula da ita, kuma kyauta ake sauke ta.

Amma inda take sace zuciyata shi ne wajen madogara. Ka kwafo lambar DOI ta maƙala ko ISBN na littafi, ka liƙa, sai ga sunan marubuci, shekara, mujalla da shafuka sun jeru da kansu. Ka shiga Word ko LibreOffice ko Google Docs, duk tana nan tare da kai, kana rubutu tana saka madogara. Ranar da aka ce maka sashe ya bar tsarin APA ya koma Chicago, kada gabanka ya faɗi. Danna sau biyu kawai, jerin manazarta gaba ɗaya ya sauya riga. Wanda ya taɓa kwana yana gyara waƙafi da aya ɗaya bayan ɗaya shi zai gane daɗin da nake faɗi. Ire-iren tsarin madogara da take ɗauke da su dubbai ne.

Ga kuma wani alheri: tun 2019, idan mujalla ta janye wata maƙala da ke cikin ma'ajiyarka, Zotero za ta sa mata jan tambari ta gargaɗe ka kafin ka jingina hujjarka a kanta. Tabɗijam!

Intanet ya ɗauke? Ci gaba da aikinka, komai yana cikin kwamfutarka, in sabis ya dawo sai ta daidaita sauran na'urori da kanta. Wurin ajiyar fayil na kyauta megabait 300 ne, yakan cika da wuri in PDF sun yi yawa, amma bayanan madogara ba su da iyaka ko kaɗan.

Malamanmu masu duba kundin ɗalibai, don Allah ku buɗe wa ɗalibanku rukunin Zotero tun ranar da aka amince da taken bincikensu, kada ku bari sai sun kai babi na biyu.