Jinjina Ga Masu Tsara Ajiye Motoci a Gyadi-Gyadi

Tun da aka kafa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA a 2012, sannan aka hana acaɓa a Kano a 2013, A-Daidaita-Sahu suka cika tituna, samun wurin ajiye mota ya zama rigimar kullum a Gyadi-Gyadi da ke Tarauni. Kan titin Zariya, daura da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mai jinya da mai shago da direba duk gefen titi guda suke nema. Waɗanda suka cancanci jinjina su ne masu unguwanni da dattawan kasuwa da 'yan agajin masallatai, domin su suka san ƙofar da ba a tarewa, da lungun da motar ɗaukar marasa lafiya ke bi, da sa'ar da layi ke cushewa ranar Juma'a.

Wani zai ce ba su karanci tsara birane ba, kuma kowa ƙofar shagonsa zai kare. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa hukunci ya tsaya hannun hukuma, nasu shawara ce. Amma jami'i sauya masa wurin aiki ake yi, mai unguwa kuwa yana nan, kuma shi ake bugawa ƙofa idan baƙo ya tare garejin maƙwabci da daddare.