Cibiyar Nazarin Manhaja a Jami'a: Wa Zai Aike Ta?

Masu kira da a kafa mana cibiyar nazarin ƙera manhaja sukan buga misali da wadda aka kafa a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1984. Abin da sukan tsallake shi ne, Ma'aikatar Tsaron Amurka ce ta ɗauki nauyinta, ita ce kuma ke kawo mata matsalolin da za ta warware. Ashe ƙarfinta daga mai aiken ta yake.

To, mu wa zai aiki tamu? Harsashi dai muna da shi: ga cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, shugaban jami'ar daga 1975 zuwa 1978, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, Ƙaura Namoda, tun 1983. A ganinmu, mai aiken shi ne falken kasuwar Shinkafi da lissafin bashinsa, da malamin asibiti a Zurmi da rajistar marasa lafiyarsa, waɗanda ke bukatar manhaja mai jin Hausa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Cibiyar da ba ta tambaye shi ba, takardun shaida kurum za ta raba.