Hawayen Aro a Waƙa

Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wannan magana ta dace da wata gardama da aka yi tsakanin masana adabi a Khartum da Umdurman. A wancan zamani mawaƙi yakan buɗe ƙasida da kuka a kan kufai, yana ambaton Hindu ko Su'ada, yana cewa idonsa ya zama kogi, hantarsa ta ƙone. Ga shi kuwa mazaunin birni ne, bai taɓa tsayawa a kufan nan ba. Abin da ya haddace daga mawaƙan Larabawa na dā shi yake maimaitawa.

A shekarar 1927 Hamza al-Malik Tambal ya soma sukar irin wannan waƙa a jaridar Hadarat al-Sudan, daga baya aka tara rubuce-rubucen suka zama littafi. Abin da ya nema shi ne mawaƙi ya yi gaskiya, ya faɗi abin da ya ji a ransa, a kuma ga ƙasar Sudan a cikin baitocinsa.

Tambal ya gano cutar, amma ma'auninsa yana da rauni. Ba mai iya tsaga ƙirjin mawaƙi ya duba ko baƙin cikinsa na gaske ne. Mai nazari ba shi da wata shaida sai baitocin da ke gabansa. Labarin zuciya a tambayi fuska, fuskar waƙa kuwa ita ce abin da ta nuna wa mai karatu.

A dubi Tijani Yusuf Bashir, haifaffen Umdurman. An kore shi daga makarantar addini ta garin, ya sha talauci, tarin fuka ya kashe shi a 1937 yana da shekara 25. Waƙoƙinsa cike suke da damuwa, duk da haka ba su gundurar mutum, domin ya ɗora damuwar a kan abin da ido ke gani: makarantar allo, kogin Nilu, tsibirin Tuti da sassafe. Mai karatu yakan ga wurin tukuna, sannan tausayi ya zo da kansa.

Wannan darasi ya shafi masu waƙoƙin soyayya na Hausa. Duk mawaƙin da ya riga mai sauraro fashewa da kuka, ba tare da ya nuna masa dalili ba, shi kaɗai zai yi kukansa.