Ƴaƴan itace da zaman fada: harshe a finafinan A'isha Maki

A finafinan da ake shiryawa a Kano, waɗanda su ne abin kallon jama'a tun daga Magariya da Dungas har Tanut, aikin mace a rabe yake kashi uku. Mai wasa ta ba da fuska, mawaƙiya ta ba da murya daga ɗakin ɗaukar sauti, umarni kuwa galibi yana hannun namiji. Mai kallo yakan ga leɓen wata yana motsi alhali muryar wata yake ji, kamar ta Fati Nijar, mutuniyar Maraɗi. A Nijar ma haka abin ya faro. Zalika Sule, wadda ta soma fitowa a 1966 cikin Le Retour d'un aventurier na Mustafa Alasan, ta kuma fito a Le Wazzou polygame na Umaru Ganda da ya ci babbar kyautar bikin Wagadugu a 1972, ta sha zagi a titunan Yamai saboda halayen da aka sa ta kwaikwaya, ba ta kuwa da iko a kan kalma ko ɗaya daga cikin abin da aka sa a bakinta. Sai a tsakiyar shekarun 1980 Mariyama Hima ta riƙe na'urar ɗaukar hoto da kanta, ta yi Baabu Banza.

A'isha Maki, wadda ake rubuta sunanta Aïcha Macky, ta haɗa ayyukan nan uku a jikinta. Ita ke fitowa, muryarta ake ji, ita ke ba da umarni. An haife ta a Damagaram a 1982. Ta yi karatun sanin zaman jama'a a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, sa'an nan ta koyi shirya fim na gaskiya, watau wanda ba a kwaikwayo a cikinsa, a makarantar IFTIC ta Yamai da Jami'ar Gaston Berger ta San Luwi a Senegal. Tun da ita ke da iko da kowace kalma, ya halatta a tambaye ta abin da ba a iya tambayar Zalika: da wane harshe ta yi magana, wa kuma take yi wa maganar?

Gajeren fim ɗinta na farko, Moi et ma maigreur na 2011, a kan ramar jikinta yake, a ƙasar da ake auna jin daɗin mace da ƙibarta. Gwaji ne na ɗaliba. Na biyu, Savoir faire le lit na 2013, ya fi nauyi, domin ya taɓa shirun da ke tsakanin uwa da ɗiya a kan sha'anin aure. Sunan ya dace da Hausa fiye da yadda mai karatun Faransanci zai zata, gama shimfiɗa ita ce kalmar da Bahaushe ke fakewa da ita in zai ambaci abin da ke tsakanin miji da mata. Uwar da al'ada ta hana ta kiran sunan ɗanta na fari, ta yaya za ta zaunar da ɗiyarta ta yi mata bayanin shimfiɗa? Alkunya a nan tana da nahawunta, tana da kalmomin da ta haramta da waɗanda ta halatta, fim ɗin kuwa ya nuna ramin da take bari.

Aikin da ya fitar da sunanta shi ne L'Arbre sans fruit na 2016, mai tsawon minti 52, wanda ya ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA a wannan shekara. Mahaifiyar A'isha wajen haihuwa ta rasu, tana ƴar shekara 5. Ita kuma ta yi aure ba ta samu haihuwa ba. Fim ɗin wasiƙa ce daga ɗiyar da ba ta haihu ba zuwa ga uwar da haihuwa ta kashe, a ƙasar da binciken lafiya na 2012 ya nuna cewa kowace mace tana haihuwar ƴaƴa 7,6 bisa matsakaicin lissafi, jihar Damagaram kuwa ta ɗara hakan.

Sunan fim ɗin ya isa a tsaya a kansa. A Faransanci kamantawa ce: sai mai sauraro ya ƙetara daga itace zuwa mace, daga abin da reshe ke fitarwa zuwa abin da ciki ke fitarwa, domin kalmomi biyu ne dabam. A Hausa babu ƙetarawa. Abin da itace ke yi ƴaƴa ne, abin da mace ke haifa ƴaƴa ne. Mutumin Kano ya ce ƴaƴan itace, mutumin Maraɗi da na Tawa su ce ɗiyan icce, duka dai kalmar haihuwa ce. Idan aka ce itacen da ba ya ƴaƴa a gaban matar da ba ta haihu ba, ba a yi wata gwaninta ta adabi ba, an dai faɗi abin a fili, shi ya sa ya fi ciwo. Kalmomin da ke kewaye da wannan ciwo su ma ba su raba laifi daidai ba. Juya ana faɗinta ga saniya, ana faɗinta ga mace. Bakarariya kowa ya san ta. Ƙa'idar harshe ta yarda da bakarare, amma da wuya a ji shi a bakin mutane. Wabi kuwa, watau wadda ƴaƴanta ke mutuwa suna ƙanana, ita ma mace ce. Abin mamaki, aikatau ɗin kansa bai nuna bambanci ba: ana cewa ya haifi ɗa kamar yadda ake cewa ta haifi ɗa, akwai mahaifi akwai mahaifiya. Namiji yana da rabo a haihuwa, ba shi da suna a rashinta. Abin da fim ɗin ya nuna a ɗakin likita ke nan, inda mata ke zuwa gwaji su kaɗai, maza kuwa su ƙi, su ƙaro kishiya.

Ƙarfin fim ɗin yana wurin da A'isha ta yi shiru ta bar matan suna magana. Ba ta zo musu a matsayin mai bincike ba, ta zo a matsayin wadda abin ya shafa, saboda haka suka faɗa mata abin da ba a faɗa wa baƙo. Rauninsa kuwa yana cikin wasiƙar. Maganar da ta fi kowace zurfi, wadda take yi wa mahaifiyarta, da Faransanci ta yi ta. Ana iya ba ta uzuri: harshen lakkol yana ba mace damar faɗin abin da alkunya ta hana a harshen gida, kuma kuɗin aikin da masu kallon farko daga waje suke. Amma uzurin bai kau da sakamakon ba. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 570.000 a gundumar Magariya, fiye da 350.000 a ta Dungas, wadda aka cire daga Magariya a 2011. Matan waɗannan gundumomi, waɗanda mafi yawansu ba su yi nisa a lakkol ba, su ne suka fi sanin ma'anar juya da wabi. Asibitin yara na Magariya, inda likitocin MSF suka soma aiki a 2005, shaida ne. Macen Dungas da aka nuna wa fim ɗin za ta ji ƙorafin ƴan'uwanta, amma zuciyar aikin za ta wuce ta sai an sami mai fassara.

A Zinder, na 2021, mai minti 82, wanda aka fara nunawa a bikin Visions du Réel a Suwizalan, ta juya ga maza, ta kuma janye fuskarta daga gaban na'ura. Unguwar Kara-Kara ce wurin, wadda tun asali aka keɓe wa kutare, ƴaƴansu da jikokinsu suka tashi ba lakkol, da yawansu ba ko takardar haihuwa. Mutum uku ta bi: mai ɗaga ƙarfe da ke son kafa kamfanin gadi, tsohon shugaban gungu da ya koma ɗan kabu-kabu yana fama da tunanin abin da ya aikata, da mai fasa-ƙwaurin man fetur. A nan Hausa ce ke mulki daga farko har ƙarshe, Hausar titi da ta kaso, mai cike da aron Faransanci da Ingilishi, irin wadda ba ta shiga littattafan yaƙi da jahilci.

Kalma ɗaya ta ɗauki tarihin duka. Fada a asali ita ce zauren sarki, inda fadawa ke zama. Daga shekarun 1990 samarin Nijar suka ari kalmar suka raɗa wa wurin shan shayinsu da hira a bakin titi. Daga baya gungun da suka fi zafi a Damagaram suka ɗauki fassararta ta Faransanci, palais, suka mai da ita sunansu, har a yau fada tana nufin zaman hira, pale kuwa zaman ƴan tauri da wuƙa. Kalma da fassararta sun rabu, kowace ta kama ma'anarta, kuma yaran da ba su ga ƙofar lakkol ba su ne suka yi wannan aiki. Rubutun Faransanci da ke ƙasan hoto ba shi da hanyar nuna haka. Ba shi ma da hanyar raba fada da faɗa, tun da ba shi da ɗ mai lanƙwasa, alhali duk labarin Kara-Kara yana tsakanin haruffan nan biyu. Waɗannan samari ne aka ɗora wa mafi yawan laifin tarzomar 16 ga Janairu 2015, ranar da aka ƙone majami'u da gidan al'adun Faransa da Nijar na Damagaram. A'isha ba ta wanke su ba. Ta bar mai laifi ya faɗi laifinsa da bakinsa, ta kuma nuna tabon wuƙa a jikin matan da aka zalunta. Sai dai matan sun sami hoto fiye da yadda suka sami magana, abin da ba a zata ba daga wadda ta yi fim ɗin 2016.

Akwai kuma ƙorafi a kan suna. Mutanen garin Damagaram suke cewa in suna Hausa. Zinder sunan taswira ne da takardun gwamnati. Ɗora sunan birni duka a kan unguwa ɗaya ya yi wa mai kallo na Turai sauƙi, ya bar Birni da Zango da fadar Sarkin Damagaram a waje.

Sashen man fetur shi ne ya kusanci kudu. Matatar SORAZ tana aiki a arewacin birnin tun Nuwamba 2011, amma a lokacin da aka ɗauki fim ɗin man da talaka ke saye a kwalba, wanda ake kira ruwa-ruwa, daga Najeriya yake shigowa da dare cikin jarkoki, ta hanyoyin da suka ratsa Matamai da Magariya da Dungas, daga wajen Babura da Maigatari. Fim ɗin ya bi motar, bai tsaya a ƙauyukan da take ratsawa ba, ko da yake su ma a lokacin da wannan ciniki suke ci. Yanzu sashen ya zama tarihi ta wata fuska, domin Najeriya ta cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, ribar da ta sa mutum ya yi kasada da ransa tsakanin jandarma da ƴan duwan ta ragu ƙwarai.

A watan Maris 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Finafinan A'isha Maki biyu manya suna cikin abin da ya fi cancanta a fara da shi: Zinder a rubuce maganganunsa da ƙa'idar rubutun Hausa, domin taska ce ta Hausar samarin Damagaram ta waɗannan shekaru, wasiƙar 2016 kuma a sake ɗaukarta da Hausa, da muryar mai ita, a kai ta Magariya da Dungas.