Hugo Pratt, Gwanin Baƙar Tawada

Duk wanda ya ce labarin zane wasan yara ne, wallahi bai taɓa buɗe littafin Hugo Pratt ba. Wannan bawan Allah da ɗigon tawada yake yin teku. Layi biyu a kwance, tsuntsu ɗaya a sama, sauran takarda fari fat, amma sai ka ji kamar iska na kaɗa maka riga.

An haife shi a Rimini ta Italiya a 1927, ya tashi a Venice. Yana ɗan shekara goma aka kai shi Habasha wajen mahaifinsa, lokacin mamayar Italiya, a can kuma uban ya rasu yana fursunan yaƙi a 1942. Wannan zaman ya bi shi har cikin zanensa. A 1949 ya tafi Ajantina, inda ya yi aiki da marubuci Héctor Oesterheld, suka fito da labaran zane na Sgt. Kirk da Ernie Pike. Masu kyau ne, amma duk share fage ne.

Abin ya kankama a 1967. Dubi yadda ya gabatar da Corto Maltese: an ɗaure shi a kan katako, yana yawo a tekun Pasifik, gemu buya-buya, rana na gasa shi, har jirgin wani ɗan fashin teku mai suna Rasputin ya tsince shi. Wane marubuci ne ke fara nuna jaruminsa a wannan wulaƙanci? Ga ɗankunne ɗaya, ga hular matuƙan jirgi, ga baki kamar reza. Da rezar ma, ta mahaifinsa, Corto ya tsaga wa kansa layin sa'a a tafin hannu tun yana yaro, da aka ce masa ba shi da shi. Kai, wannan hali!

Ni dai inda Pratt ya gama da ni shi ne Cush, mayaƙin nan Musulmi na gabashin Afirka. Bai zana shi ɗan rakiya mai ɗaukar kaya ba. Cush na da girman kai, yana musu da Corto ido cikin ido, yana mayar masa da magana ba tsoro. A farkon shekarun 1970, Turawa nawa ne ke zana Baƙar fata haka?

Faransawa sun gane darajar Pratt: mujallar Pif Gadget ta fara buga Corto a 1970, bikin labarin zane na Angoulême ya karrama Pratt a 1988. Ya rasu a Siwizalan ranar 20 ga Agusta 1995. Mai son farawa ya nemi Una ballata del mare salato, labarin Corto na farko, ya kuma kashe waya kafin ya buɗe.